Babi na Shida: Mummunar Takarda

Duk sojan Amurka da zai tuɓe kaki, ko wa'adinsa ne ya cika ko korarsa aka yi, ana miƙa masa wata takarda mai lamba DD-214. A cikinta ake rubuta ranar da ya shiga aiki da ranar da ya fita, da muƙaminsa, da lambobin yabon da ya samu, sannan akwai ɗan gurbi guda da ake bayyana irin sallamar da aka yi masa. Wannan ɗan gurbi ya fi duk sauran abin da ke takardar nauyi. Sallamar hawa biyar ce. Ta sama ita ce sallamar girmamawa, wadda mafi yawan sojoji ke samu. Mai bi mata ita ce ta gama-gari, wadda ke nuna mutum ya yi aikinsa amma da ɗan tabo. Ta uku an rubuta ƙarara cewa ba ta girmamawa ba ce. Biyun ƙarshe, wato sallamar mugun hali da sallamar ƙasƙanci, kotun soja kaɗai ke yanke su bayan shari'a. Ukun farko kuwa ba sa bukatar alƙali, shugabannin soja ne ke yanke su a ofis. 'Yan mazan jiya a Amurka suna kiran duk abin da ya gaza ta sama da suna "mummunar takarda", kuma sun san abin da suke faɗa. Mai sallamar gama-gari ya rasa tallafin karatun jami'a da gwamnati ke biya wa tsofaffin sojoji. Mai ta uku kuwa, shekaru da dama abin da yake tararwa a ƙofar asibitocin Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji shi ne a ce masa bai cancanta ba, haka nan kuɗin diyyar rauni da lamunin mallakar gida duk suna iya wuce shi. In ya je neman aiki, takardar nan ake fara tambaya.

Doka ta ba tsohon soja damar ya nemi a ɗaga darajar sallamarsa, kuma tun daga 2014 an sassauta hanyar ga wanda ya nuna cewa ciwon ƙwaƙwalwa ne ya jefa shi cikin laifin da aka kore shi a kansa. Mutane da yawa, har da masu goyon bayan sassaucin, suna kallonsa a matsayin alfarma: gwamnati ta ji tausayin mai laifi ta yafe masa. Ni ban yarda da wannan kallo ba. A mafi yawan irin waɗannan shari'u abin da ake yi gyaran kuskure ne, kuskuren da rundunar ta tafka sa'ad da ta ɗauki alamun rauni ta rubuta su a littafin laifuka. Bambancin kallon biyu ba na baki ba ne kawai. Wanda yake neman alfarma shi ke zuwa ya durƙusa, ya kawo shaidu, ya jira. Wanda ya yi kuskure kuwa shi ya kamata ya tashi ya nemi wanda ya cuta. Tsarin Amurka har yanzu a kan kallo na farko aka gina shi, shi ya sa gyaran yake tafiyar hawainiya.

A fara da yadda ciwo ke rikiɗa ya zama laifi. Ciwon da likitoci ke taƙaita sunansa da PTSD firgici ne da ke maƙale wa mutum bayan ya ga tashin hankalin da ya fi ƙarfin zuciyarsa. Mai shi ba ya samun barci, in ya samu mafarkin abin da ya gani ya tashe shi. Ƙarar ƙofa tana sa shi zabura. Yana saurin fushi, yana gudun duk wurin da zai tuna masa da abin da ya faru, kuma sau da yawa giya ko wiwi ko ƙwaya yake nema don ya kashe abin da ke cinsa a rai. Ga kuma raunin ƙwaƙwalwa da girgizar fashewar bam ke haddasawa, wanda ya zama ruwan dare a Iraƙi da Afganistan saboda bama-baman gefen hanya. Shi kuma yana taɓa tunani da riƙe abu a ka da iya danne zuciya. To, kowace ɗaya daga cikin waɗannan alamu tana da suna a dokar soja. Wanda bai yi barci ba ya makara fareti, an rubuta masa sakaci da aiki. Wanda ya ɗaga wa saje murya, rashin ladabi ga na gaba. Wanda ya kasa komawa bariki bayan hutu, fashin aiki. Wanda aka gwada fitsarinsa aka ga wiwi, ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. A gidan farar hula da an ce mutumin nan ba shi da lafiya, a kai shi asibiti. A bariki kuwa fayil ake buɗe masa. Wani bincike da aka wallafa a 2010 kan sojojin kundumbala na rundunar Marin ya gano cewa a cikin waɗanda suka je fagen daga, masu ciwon PTSD sun ninka marasa ciwon sau 11 wajen yiwuwar a kore su saboda rashin ɗa'a.

Alkaluman gwamnati da kanta sun tabbatar da haka. A watan Mayun 2017 ofishin da ke binciken ayyukan gwamnati a madadin majalisar dokoki ya duba sojoji 91,764 da aka sallama saboda rashin ɗa'a tsakanin 2011 da 2015. Ya gano cewa 57,141 daga cikinsu, wato kashi 62 cikin 100, likitocin soja sun riga sun rubuta musu PTSD ko raunin ƙwaƙwalwa ko wani ciwo mai alaƙa da su cikin shekara biyu kafin korar. Adalci ne a faɗa cewa masu PTSD ko raunin ƙwaƙwalwa kai tsaye kashi 16 ne, sauran kuwa masu ciwon damuwa ne da matsalar giya da makamantansu. Amma a cikin dubu 57 ɗin nan, 13,283 aka ba su sallama ta uku, wadda ke iya toshe musu ƙofar asibiti. Abin lura shi ne, ba bayan an kore su suka ƙirƙiro ciwon ba. Ciwon yana rubuce a fayil ɗin rundunar ranar da aka sa hannu a takardar kora. Tun 2009 majalisa ta kafa dokar da ta wajabta a duba lafiyar irin wannan soja kafin a yi masa sallamar da ba ta girmamawa ba, amma rahoton ya nuna cewa ƙa'idojin wasu rundunonin ba su dace da umarnin Ma'aikatar Tsaro ba, wasu kuma ba kullum suke bin ƙa'idojin da suka rubuta da hannunsu ba. Kafin wannan, a 2015, gidan rediyon NPR ya bankaɗo cewa rundunar sojan ƙasa ta kori fiye da sojoji 22,000 tun daga 2009 saboda rashin ɗa'a, dukansu sun dawo daga Iraƙi ko Afganistan kuma an gano suna da matsalar ƙwaƙwalwa.

Ba sai an zargi kwamandoji da mugunta ba kafin a fahimci yadda hakan ke faruwa. Kwamanda yana da adadin mutanen da aka ba shi, kuma ana tsammanin ya kai su fagen daga a shirye. Sojan da ya fara lalacewa yana riƙe da gurbi amma ba ya amfanuwa. In aka bi hanyar sallamar rashin lafiya, sai an yi watanni masu yawa ana kai-komo tsakanin likitoci da kwamitoci, kuma har a gama ba za a ba kwamandan wani a madadinsa ba. In aka bi hanyar rashin ɗa'a, cikin makonni an gama. Sau da yawa ma ana ajiye wa yaro zaɓi biyu: ko ya fuskanci kotun soja da yiwuwar ɗauri, ko ya sa hannu ya karɓi sallama ta uku ya tafi gida. Ɗan shekara 22 da ya kwana uku bai runtsa ba, wanda burinsa kawai ya fita daga barikin, wane zai zaɓa? Akwai kuma wata hanyar da aka sha bi, wato a rubuta wa soja cewa yana da gurɓatar ɗabi'a tun asali. Tunda ana ɗaukar wannan matsala a matsayin wadda ya shigo da ita daga gida, babu diyya a kanta. Ƙungiyar tsofaffin sojojin Biyetnam ta samo bayanan da suka nuna an sallami fiye da mutum 31,000 ta wannan ƙofa tsakanin 2001 da 2010. A 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta nuna yadda aka yi amfani da wannan tambari a kan sojoji, maza da mata, da suka kai ƙarar an yi musu fyaɗe a cikin rundunar. Tsarin da ya sauƙaƙa kora ya wahalar da jinya, ba abin mamaki ba ne ya haifar da abin da ya haifar.

Waɗanda suka fi kowa shan wannan wahala su ne tsarar yaƙin Biyetnam. Sai a 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da PTSD cikin kundinta na cututtuka, shekara biyar bayan faɗuwar birnin Saigon da ta kawo ƙarshen yaƙin. Wato duk sojan da aka kora a lokacin yaƙin, an yi masa hukunci ne a zamanin da ciwonsa ba shi da suna a likitance, don haka babu likitan da zai rubuta shi ko da ya gan shi da idonsa. Kimanin 260,000 ne suka fita da sallamar da ba ta girmamawa ba a wancan zamani. Ɗaya daga cikinsu shi ne Conley Monk, baƙar fata daga birnin New Haven, wanda ya yi yaƙin a rundunar Marin, ya fita da mummunar takarda a farkon shekarun 1970. A watan Maris na 2014 shi da wasu tsofaffin sojoji huɗu, da taimakon ɗaliban lauya na Jami'ar Yale, suka maka rundunonin a kotu. Hujjarsu ita ce kwamitocin da ke gyara sallama suna watsi da kusan duk takardar da tsohon sojan Biyetnam ya kawo yana kafa hujja da PTSD, sau da yawa da dalilin cewa babu shaidar ciwon a fayil ɗinsa na lokacin aiki. Ana neman mutum ya kawo takardar likita ta shekarar 1969 mai ɗauke da sunan ciwon da ba a raɗa ba sai 1980. Monk ya samu gyara a 2015, bayan fiye da shekara 40.

Hanyoyin gyaran biyu ne, kuma tsofaffi ne. Kowace runduna tana da kwamitin sake duba sallama, wanda aka kafa a 1944. Ana cike masa fom mai lamba DD 293, kuma dole a nema cikin shekara 15 da barin aiki. Ba shi da hurumin taɓa hukuncin babbar kotun soja. Na biyu shi ne kwamitin gyaran bayanan soja, wanda ya samo asali a 1946. Fom ɗinsa DD 149 ne, ikonsa ya fi faɗi, wa'adinsa shekara uku ne daga ranar da mutum ya gano kuskuren, amma yana iya ɗage wa'adin in adalci ya bukata. Duka biyun suna farawa ne da wata ƙa'ida guda: ana ƙaddara cewa abin da gwamnati ta yi daidai ne har sai mai ƙorafi ya tabbatar da akasin haka. Galibin shari'un a takarda ake yanke su ba tare da an ga fuskar mai nema ba, kuma masu bincike sun nuna cewa a wasu kwamitocin 'yan mintoci kaɗan ake ba kowane fayil. Yawancin masu nema ba su da lauya.

A ranar 3 ga Satumban 2014, watanni shida bayan ƙarar Monk, sakataren tsaro Chuck Hagel, wanda shi kansa ya yi saje a Biyetnam kuma ya ji rauni a can, ya aika wa kwamitocin takardar umarni cewa su yi duba na sassauci ga duk wanda ya kafa hujja da PTSD. Sakamakon ya bayyana nan da nan. Masu binciken Yale sun gano cewa a kwamitin sojan ƙasa, adadin irin waɗannan buƙatu da ake amincewa da su ya tashi daga kashi 3.7 cikin 100 a 2013 zuwa kusan kashi 45 bayan umarnin. Wannan tsalle shi ne hujja mafi ƙarfi a duk wannan magana. Mutanen ba su canza ba, abin da suka aikata shekaru 40 da suka wuce bai canza ba, dokar ma ba ta canza ba. Idon mai dubawa kaɗai ya canza. In takarda mai shafi kaɗan za ta iya ninka amincewa fiye da sau goma, to waɗanda aka mayar a shekarun baya ba rashin cancanta ya mayar da su ba. A 2016 wata takardar ta umarci a riƙa ɗage wa'adi a irin waɗannan shari'u, majalisa kuma ta shigar da ƙa'idar sassaucin cikin doka. A watan Agustan 2017 wani babban jami'in Ma'aikatar Tsaro, Anthony Kurta, ya faɗaɗa ta zuwa kowane ciwon ƙwaƙwalwa, da raunin ƙwaƙwalwa, da fyaɗe da cin zarafin jinsi. Ya ba kwamitocin tambayoyi huɗu: shin mutumin yana da wani ciwo ko ya gamu da wani abu da zai iya zama uzuri, shin hakan ya faru ne lokacin yana aiki, shin da gaske abin ya bayyana laifin ko ya rage nauyinsa, kuma shin ya rinjayi dalilin korar. Ya kuma ce maganar tsohon sojan ita kaɗai tana iya zama shaida, haka nan shi kansa rashin ɗa'ar yana iya zama alamar ciwon. Wannan na ƙarshe amincewa ce daga bakin ma'aikatar cewa abin da ta hukunta yana iya kasancewa ciwo ne.

Sai dai umarni a takarda daban, aiki da shi daban. Stephen Kennedy ya yi aiki a Iraƙi da runduna ta 82 ta sojojin lema, ya dawo da matsananciyar damuwa, aka hana shi hutu, ya bar bariki ba izini ya tafi ɗaurin aurensa, aka ba shi sallamar gama-gari a 2009. Kwamiti ya ƙi gyara masa har bayan umarnin Hagel, sai da ya je kotu. Tyson Manker yana cikin sojojin Marin da suka shiga Iraƙi a 2003. Ya dawo ya sha wiwi, aka ba shi sallama ta uku. Ƙarar da ya shigar a 2018 ta nuna cewa a 2017 kwamitocin sojan ƙasa da na sama sun amince da kusan kashi 51 na buƙatun da suka shafi PTSD, na sojan ruwa kuwa, wanda shi ke duba na Marin, kashi 16 kawai. Umarni ɗaya, ciwo ɗaya, yaƙi ɗaya, amma makomar mutum ta dogara da launin kakin da ya sa. An sasanta ƙarar Kennedy a 2021, ta Manker a 2022, wata irinsu a kan sojan sama a 2024, kuma a kowace an tilasta wa rundunar ta sake buɗe fayilolin da ta riga ta yi watsi da su, ba tare da masu su sun sake nema ba.

Masu adawa da faɗaɗa wannan hanya suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Ta farko ita ce ɗa'a. Soja ba ya tsayawa sai da biyayya, kuma in kowane mai fashin aiki ya san cewa wata rana za a wanke shi, tsoron hukunci zai gushe. Amma a duba abin da gyaran ke taɓawa. Ba ya mayar da kowa bakin aiki, ba ya soke ikon kwamanda na cire wanda ya zama haɗari ga abokansa. An riga an cire shi, rundunar ta ci gaba da tafiya. Abin da ake tambaya bayan shekara 10 ko 40 shi ne ko ya dace hukuncin ya bi shi har kabari. Kuma ban ga yadda za a yi wa wanda firgici ya hana barci barazana da makomar tallafin karatunsa ba. Hukunci yana tsoratar da mai lissafi ne, shi kuwa wannan ciwo lissafin yake fara rushewa. In ma akwai abin da ke lalata ɗa'a, shi ne sabon kurtu ya ga yadda aka yi da sajensa da ya je Iraƙi sau uku, ya koyi darasin cewa in ciwo ya kama ka, ka ɓoye shi.

Hujja ta biyu ta fi shiga rai. Akwai dubban sojoji da suka ga abin da waɗannan suka gani, suka ɗauki irin ciwon da suka ɗauka, amma suka daure, ba su sha wiwi ba, ba su tsere ba. In aka ba wanda ya kasa irin takardar da aka ba wanda ya jure, ba a tauye mai juriyar ba? Na fahimci zafin wannan tambaya, kuma tsofaffin sojoji da kansu ne suka fi yin ta. Sai dai tana ɗauke da zaton cewa ciwon iri ɗaya ne a kan kowa, bambancin kawai ƙarfin hali ne. Ba haka ciwo yake ba. Bam guda yana tashi da mota guda, wani ya fito da ƙurjewa, wani ya rasa ƙafa, kuma babu mai cewa wanda ya rasa ƙafar ragon namiji ne. Tsananin abin da aka gani, da yawan zuwa fagen daga, da samun likita a kan lokaci, da samun shugaba mai fahimta, da iyalin da za a koma wa, duk suna da hannu a wanda zai tsaya da wanda zai faɗi. Sannan girman da aka ba mai juriya ba ya raguwa don an gyara wa wani; ba daga rabonsa ake ɗiba ba.

Ta uku ita ce ƙarya. Ciwon ƙwaƙwalwa ba ya fita a hoton ƙashi, kuma inda akwai kuɗin diyya za a samu masu ƙirƙira. Gaskiya ne za a samu. Amma doka ta riga ta tanadi cewa a sa likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam cikin duba irin waɗannan buƙatu, kuma tambaya ta uku da ta huɗu na Kurta suna nan don tace wanda ciwonsa gaskiya ne amma ba shi da alaƙa da laifinsa. Ko a lokacin da sassaucin ya fi ƙarfi, kusan rabin masu nema ake mayarwa. Sannan a auna kuskuren biyu. In aka ruɗu da maƙaryaci, gwamnati ta yi asarar kuɗi. In aka mayar da mai gaskiya, ana iya asarar rai. Wani babban bincike da aka wallafa a 2015 kan sojoji kusan miliyan huɗu ya nuna cewa yawan kashe kai a cikin waɗanda suka fita ba da sallamar girmamawa ba ya kusan ninka na sauran. Tsarin da ya fi tsoron asara ta farko a kan ta biyu ya karkatar da ma'auninsa.

Akwai inda dole a tsaya. Wasu laifukan suna da waɗanda aka zalunta: matar da aka lakaɗa wa duka, abokin aiki da aka yi wa fyaɗe, farar hula da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba. Ciwon mai laifi ba ya share hawayen waɗannan, kuma umarnin 2017 ya faɗa a fili cewa sassauci ba ya wajabta gyara, laifin da aka shirya da gangan kuma galibi ba ya samun uzuri. Na yarda da wannan iyaka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗaure magani da girmamawa a igiya ɗaya. Mutumin da ya doki matarsa saboda ciwon da ya kwaso a birnin Falluja na Iraƙi ana iya hana shi takardar girmamawa, amma hana shi likita ba adalci ba ne ga matar. Ita ce za ta ci gaba da zama da shi ko da tsoronsa. Kuma irin waɗannan manyan laifuka su ne marasa rinjaye. Abin da ya cika fayilolin nan shi ne wiwi, da giya, da makara, da fashin aiki.

Wasu za su ce an riga an magance matsalar ta ɗaya ɓangaren, tunda Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji ta buɗe ƙofa. A 2017 ta fara ba masu sallama ta uku kulawar gaggawa ta kwana 90, majalisa ta faɗaɗa kulawar ƙwaƙwalwa ga wasunsu a 2018, a 2024 kuma ma'aikatar ta sake ƙa'idojinta ta yadda za ta duba yanayin da ya tilasta wa mutum laifin. Waɗannan matakai ne masu kyau, amma suna tuna mana da nisan da aka yi daga niyyar farko. Dokar tallafa wa tsofaffin sojoji ta 1944 ta ce a kula da duk wanda aka sallama a yanayin da ba na ƙasƙanci ba, wato masu dokar sun so a hana mafi munin masu laifi kaɗai. Wani rahoto na 2016 da ƙungiyar Swords to Plowshares ta fitar tare da lauyoyin Jami'ar Harvard ya nuna cewa waɗanda ake hana wa kulawa sun tashi daga kashi 1.7 na sojojin Yaƙin Duniya na Biyu zuwa kashi 6.5 na waɗanda suka yi aiki bayan 2001, fiye da mutum 125,000. Ko an buɗe asibitin, hukuncin ma'aikatar ba ya canza abin da ke rubuce a DD-214. Tallafin karatu yana nan a rufe, mai ɗaukar aiki yana nan yana karanta gurbin, kuma 'ya'yan mutum suna nan suna ganin abin da ƙasarsa ta rubuta a kansa.

Duk wannan ya dawo da mu ga tambayar wanda ya kamata ya ɗauki nauyin gyara. A yanzu tsohon soja ne zai ji labarin cewa hanyar tana nan, ya nemo fayil ɗinsa na aiki da na asibiti, ya samu likitan da zai rubuta cewa ciwon nan shi ya haifar da laifin nan, ya zauna ya rubuta dalla-dalla abin da ya shafe shekaru yana gudun tunawa, sannan ya jira shekara ɗaya ko fiye. Ana neman wannan duka daga mutumin da babbar alamar ciwonsa ita ce kauce wa duk abin da ya shafi abin da ya faru, wanda wataƙila ba shi da aiki, wataƙila ba shi da adireshin da wasiƙa za ta same shi. Kamar a ce wa wanda ya faɗa rijiya ya shiga gari ya nemo igiya ne. Shi ya sa masu nema 'yan kaɗan ne idan aka kwatanta da waɗanda suka cancanta. Alhali kuwa Ma'aikatar Tsaro ita ke riƙe da duk bayanan. Masu binciken majalisa ba su ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba kafin su ƙirga mutum 57,141; sun haɗa jerin waɗanda aka kora ne da jerin waɗanda likita ya gani. Abin da aka iya yi don rubuta rahoto ana iya yin sa don gyara takardu. Sasancin kotu na 2021 zuwa 2024 ya nuna cewa sake dubawa ba tare da an nema ba abu ne mai yiwuwa, amma ya tsaya a kan waɗanda suka taɓa nema aka mayar da su, wato waɗanda suke da ƙarfin neman tun farko.

Birtaniya ta harbe sojoji 306 a Yaƙin Duniya na Ɗaya bisa laifuka irin su tsoro da gudu daga fagen daga, cikinsu har da Harry Farr, wanda ya yi watanni a asibiti saboda gigitar luguden wuta kafin a harbe shi a 1916. Sai a 2006 aka yi musu afuwa gaba ɗaya, lokacin da ba abin da afuwar za ta amfana musu. Tsarar Biyetnam a Amurka yanzu galibi ta haura shekara 70, kuma kowace shekara ana binne wasu da takardunsu yadda suke. Abin da ya rage wa majalisar dokokin Amurka a bayyane yake: duk sojan da aka kora a ofis ba a kotu ba, wanda fayil ɗinsa ya nuna ciwon ƙwaƙwalwa ko zuwa fagen daga ko rahoton cin zarafi kafin laifin, a buɗe fayil ɗinsa ba tare da ya nema ba, a ƙaddara cewa ciwon yana da hannu a laifin, sannan rundunar ce za ta kawo hujjar da za ta sa a bar sallamar yadda take.